Tayi Ɗaya a Gidan Maƙeri

Duk wanda ya zauna layi ɗaya da Rhoda a unguwar Deptford ta birnin Landan ya san ta da abu biyu. Tana da uwar maƙera girke a bayan gida, kuma ba ta yin tayi sau biyu. In ta miƙo maka shayi ka ce a'a, to kai da shayin nan sai dai kallo, ko da maƙogwaronka zai bushe ƙamas. Maƙwabta suna cewa tsohuwar tana da baƙin hali. Ba su yi mata adalci ba, don ba rowa ba ce, haka ta taso.

An haife ta a 1908, a wani ƙauye can arewacin Scotland, inda gidaje ba su kai arba'in ba. Coci ɗaya, kanti ɗaya, maƙera ɗaya, kuma maƙerar ta ubanta ce, Dod Geddes. Bango ɗaya ne ya raba maƙerar da ɗakin girki, shi ya sa duk sanda Dod ya sauke masaba a kan ƙarfe sai kwanukan da ke jere a kan kanta su amsa. Yaran gidan ba su san agogo ba. In kwanuka sun fara rawa gari ya waye, in sun yi shiru lokacin cin abinci ya yi. Da hunturu kuwa faɗan da suke yi kullum ɗaya ne, wa zai kwana a jikin bangon nan mai ɗumi.

A ƙasar tasu da dawakai ake noma, manya-manya masu kofato kamar faifai, kuma kowane doki sai an buga masa takalmin ƙarfe. Wannan ne babban aikin Dod, sai gyaran garma da ƙafar keken doki da marikin ƙofa. Aiki ba ya yankewa, amma bakunan gidan tara ne, tukunya kuwa ɗaya. Safe da yamma abincin bai cika canjawa ba, kunun hatsin da suke kira ots, mai kauri har cokali ya tsaya a ciki, da gishiri, ba sukari. Uwar gidan takan zagaya da ludayi sau ɗaya tak tana cewa, "Ƙari?" Wanda ya tsaya nuƙu-nuƙu, ludayi ya wuce shi. Wata rana ƙaramar Rhoda ta ce a'a don ta ga baƙo a teburin, sannan ta zauna tana haɗiyar yawu. Ubanta ya dube ta ya ce, "Kowa ya fi kowa sanin cikinsa. In na sake tambayarki, na mai da ke maƙaryaciya." Ta kwana da yunwa, kuma karatun ya zauna mata har tsufa.

Tana da shekara goma sha uku uwar ta rasu wajen haihuwa, ludayi ya dawo hannunta. Litinin wanki, Talata guga, Laraba ɗinkin safa da facin wanduna, ga ɗiban ruwa daga famfon bakin hanya, ga kaji, ga saniya ɗaya mai taurin kai. Lahadi ba a hura wutar maƙera, ba a ko fito, sai coci da zaman shiru. Duk da wannan ɗawainiya, da ta samu sarari sai ta zagaya bayan bango ta kama zugazugi. Ba wanda ya koya mata komai. Da ido ta san launin ƙarfe in ya nuna, da kunne ta san bugun da ya zauna da wanda ya zame. Ƙaninta Sandy, wanda aka ce shi ne magajin sana'ar, yana zuga yana hamma.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke aka kwashi Sandy soja. Dod ya duba hagu ya duba dama, babu namiji, sai ya miƙa wa Rhoda babbar guduma ba tare da ya ce uffan ba. Shekara shida ta yi tana buga masa. A aikin nan ba a magana. Maƙeri yana riƙe da awartaki a hannu ɗaya da ƙaramar masaba a ɗaya, inda ya ƙwanƙwasa nan mai guduma zai sauke, in ya buga masabar a jikin uwar maƙera sau biyu a tsaya. Ita da ubanta ba su taɓa yin hirar minti goma a jere ba, amma a shekarun nan shida sun fahimci juna fiye da masu kwana suna zance. Nan ta fi jin daɗin rayuwarta, ba ta kuma ɓoye wa kowa hakan.

Ranar da Sandy ya dawo, Dod ya karɓi gudumar daga hannunta ya ce, "Dankali na kan wuta." Shi ke nan. Ba na gode, ba sannu da ƙoƙari. Ta koma ɗakin girki tana jin kwanuka suna rawar bugun Sandy, bugun da ko kurma ya san ba ya sauka daidai. Takaicin wannan rana bai taɓa barin ƙirjinta ba.

Tana da shekara arba'in ta auri Walter, wani mutumin Landan mai sauke kaya a tashar jiragen ruwa, ta biyo shi Deptford. Shekara biyar bayan nan Dod ya rasu. Kafin lokacin tarakta ta kori dawakai daga gonaki, Sandy kuma bai ɓata lokaci ba ya mai da maƙerar gidan mai. Da Rhoda ta je jana'iza sai ta tarar da uwar maƙerar ubanta a wurge bayan gida cikin ciyawa, kaji suna kashi a kai. Ba ta yi wa Sandy magana ba, don ta san in ta buɗe baki ba za a ji da daɗi ba. Ta sa maza uku suka ɗora ta a keken doki, daga nan jirgin ƙasa na kaya, har Landan. Walter ya yi ta mita kwana uku, sannan ya samo kututturen itace ya girka ta a kai a ɗan filin bayan gida. Kowace Asabar Rhoda takan shafe ta da mai. Masabar Dod kuwa tana cikin aljihun tebur, tare da cokula.

Ba su haihu ba. Walter ya rasu a 1969, gida ya yi mata faɗi, sai ta fara ba da hayar ɗakin sama.

A ƙarshen 1975 wani ɗan Najeriya ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, dogo, siriri, cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa. Sunansa Almu, ya haura talatin, ya bar mata da 'ya'ya biyu a gida. Lokacin arzikin fetur ya buɗe a ƙasarsu, gwamnatin jiharsu tana ta turo mutane karatu, shi an turo shi koyon aikin injiniya. Tun ranar farko ya fara ba ta haushi. In zai gaishe ta sai ya rusuna kamar ya yar da wani abu a ƙasa. Ba ya kallon idonta. Ga shi da kiranta Mama.

"Ban haife ka ba," ta ce masa. "Sunana Misis Pryce."

"To, Mama," in ji Almu.

Amma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne abinci. Daren farko ta dafa miyar sha'ir da naman rago, ta tabbatar babu abin da addininsa ya hana, ta ce masa ga abinci. Ya sunkuyar da kai yana murmushi ya ce, "A'a, Mama, na gode, na ƙoshi." Ta ɗauke kwano. Washegari ta yi gashin waina irin ta garinsu, ya ce ya gode. Rana ta uku kifi, ya ce ya gode. Abin da ta kasa ganewa shi ne, in ya ce a'a ba ya tafiya. Sai ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya yana kallon tukunya, kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti. Daga rana ta uku ta rantse ba za ta sake yi wa wannan mutum tayin ko ruwa ba. Shi kuma ya sayi ɗan risho ya riƙa dafa shinkafa a ɗakinsa, yana ganin tsohuwar tana tayi ne don fita kunya kawai, tun da ba ta taɓa matsa masa ba. Haka suka zauna wata takwas, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne mai wuyar sha'ani.

Wata Asabar da rana, cikin bazarar 1976 mai zafin nan da har ciyawa ta ƙone a Landan, Rhoda ta dawo daga kasuwa da jaka a kowane hannu. Tun daga kan kwana ta ji ƙarar uwar maƙerarta. Ta tsaya cak a tsakiyar titi. Shekara ashirin da uku rabon da ƙarfen nan ya yi magana, amma ko cikin barci ta san muryarsa. Ta shiga gida a fusace, ta ratsa ɗakin girki, ta fito baya.

Almu ne, ya naɗe hannun riga. Ya hura gawayi a tsohon bokiti yana zuga shi da famfon keke, ya ciro marikin ƙofar lambu wanda ya lanƙwashe tun Walter yana raye, yana miƙar da shi da wata guduma ta buga ƙusa. Ta buɗe baki za ta ce wa ya ba shi izini, sai kunnenta ya riga bakinta. Bugu biyu a kan ƙarfe, ɗaya mara nauyi a jikin uwar maƙera don hannu ya huta. Wannan ba bugun ɗan makaranta ba ne.

"Ya huce," ta ce. "Mayar da shi wuta, kar ka tsaga shi."

Almu ya juyo a firgice, sannan ya yi dariya, karo na farko da ta ga haƙoransa duka. "Wallahi haka babana yake cewa."

Ta koma ciki ta buɗe aljihun tebur, ta kawo masabar Dod ta ajiye a gabansa. "Wannan abin da kake riƙe da shi na rataye hoto ne," ta ce. Ita ta kama famfon tana zuga.

Ranar ce ya ba ta labarin gidansu. Maƙera ne kaka da kakanni, a wani ƙauye kusa da Gumel. Fartanya suke yi da lauje da gatari. Mahaifinsa yana nan da rai, yana ƙira a zaune a ƙasa, kuma uwar maƙerarsa guntun ƙarfen dogo ce da aka kafa a kututture, ta lotsa a tsakiya saboda tsufa. Ƙannensa biyu suna tare da tsohon a maƙera. Yana magana yana shafa ƙahon uwar maƙerar Dod da tafin hannu. Ya ce a duk ƙasarsu bai taɓa ganin irinta ba, da babansa zai ɗora ƙarfe a kan wannan sau ɗaya, da ya yi shekara yana ba da labari. Rhoda ta lura cewa ko da wasa bai jingina da uwar maƙerar ba, bai kuma ɗora ƙafa a kan kututturen ba. Dod ya taɓa marin wani manomi don ya zauna a kanta.

Wata biyu bayan haka takardar hukumar unguwa, wadda suke kira council, ta iso. Za a rushe layin gaba ɗaya. An ba ta flat a hawa na tara, ɗaki ɗaya da falo, ta kwashe kayanta kafin ƙarshen Oktoba. Ta je ofishinsu ta tambayi wani saurayi mai dogon gashi inda za ta sa uwar maƙera. Sai da ta maimaita kalmar sau uku, sannan ya ce a hawa na tara ko kare ba a yarda da shi ba. Ta rubuta wa ɗan Sandy, wanda yake aikin haƙar mai a tekun Aberdeen, don su ma can fetur ya ɓullo, samari duk sun watse sun bi shi. Amsarsa layi huɗu ce. Ya ce ba shi da wurin ajiye ta, amma ya ji masu kuɗi suna saka irinta a lambu don ado, ta gwada tallata ta. Ta cusa wasiƙar a murhu.

Kwana uku tana juya maganar a ranta. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinta, ta ɗauki abin da ya rage mata na ubanta ta ba wanda ba dangin iya ba na baba. Amma ƙarfe na aiki ne, kuma ta ji bugun mutumin da kunnenta. Ranar Litinin da safe, yana saukowa da jakar littattafai, ta tare shi a ɗakin girki. Ta goge hannu a jikin riga, ta kalli taga, don ita ma ranar ta kasa kallon ido.

"Mista Almu. Uwar maƙerar nan. Ka kai wa mahaifinka."

Almu ya ajiye jaka. Ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa. "Haba, Mama. A'a. Wannan ai gadon gidanku ne, ya fi ƙarfina. Ki bar wa danginki."

Duk Bahaushen da ya ji wannan magana ya san me aka ce. An ce ina so kamar in mutu, amma ba zan wawure gadon mutane kamar ɗan fashi ba, ki sake faɗa, ki rantse, in ya so in kawo babba ya karɓa mini. Rhoda kuwa Turanci ta ji, kuma a Turancin gidan Dod Geddes a'a tana nufin a'a.

"To," ta ce. Ta juya ta buɗe famfo.

Ya tsaya a bakin ƙofa, irin tsayuwar nan tasa. Minti ɗaya, biyu. Tana jin numfashinsa a bayanta, tana dirzar tukunyar da ta riga ta fita tas. Tayi na biyu kawai ake nema a ɗakin nan, amma ita tana jiran ya fita ta samu ta share hawaye, shi yana jiran ta juyo. Daga ƙarshe ya ɗauki jakarsa. A ransa ya ce tsohuwa ta yi mai wuyar, tun da ta furta, sauran aikin nasa ne.

Abin da ya ƙara tunzura ta, mutumin sai ya shiga walwala. Yana hawa bene yana waƙa. Ranar Talata ta hango shi ta taga yana shafa wa uwar maƙerar mai, ta ce a ranta, ka ji munafunci, ka ƙi abu kana lallashinsa. Ashe duk ɗaya suke, shi da ɗan Sandy. Fetur ya shiga kansu, wa zai ɗauki ƙarfen tsofaffi ya kai gida a yi masa dariya, shi da zai koma babban injiniya? Ranar Laraba ya ce mata zai yi tafiyar kwana biyu. Ba ta tambaye shi ina ba.

Ranar Alhamis da hantsi mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo ta layin da keken dokinsa yana kiran kaya. Shekara da shekaru Rhoda tana jin kiran nan tana rufe taga. Ranar ta buɗe ƙofa ta ɗaga masa hannu. Ya kira wasu ƙarti biyu daga wurin rusau, suka sa katako suka mirgina uwar maƙerar har kan keken. Da ya sa hannu a aljihu ta ce, "Ba ta sayarwa ba ce. Ɗauke ta kawai ka tafi." Kafin su tashi idonta ya sauka a ƙafar dokin, ta sunkuya ta ɗaga kofaton kamar yadda ta yi sau dubu. Takalmin ya yi masa kaɗan, an datse kofato don ya shiga. Ta ce wa mutumin duk wanda ya yi wannan aiki ya cancanci a buga masa irinsa. Ya yi dariya ya kaɗa linzami. Ta tsaya har suka sha kwana, sannan ta shiga ta zauna, ba ta ko cire takalmi ba sai yamma.

Asabar da safe aka ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Almu ne, da farar riga da hula, fuska kamar ranar Salla. A gefensa wani dattijo mai furfura, ya ɗora kwat a kan babbar riga. A bayansu motar ɗaukar kaya da maza biyu riƙe da igiya.

"Mama, wannan Malam Hambali ne, babbanmu a nan. Daga unguwar Barking ya taso."

Ta ba su hanya don ba ta san me za ta yi ba. Malam Hambali ya zauna a falo, ya ajiye ƙullin goro da turmin atamfa da wata jakar fata mai ado a kan tebur. Ya gyara murya, ya yi magana da Turancin ma'aikatan ofis, a tsanake. Ya ce ya zo ne a madadin mahaifin Almu, wanda nisa ya hana shi zuwa. Kyauta irin wannan ba yaro ke karɓarta a tsaye a ɗakin girki ba. Sun karɓa da hannu biyu, kuma muddin ana ƙira a gidan nan za a riƙa ambaton sunan mahaifinta. Sannan ya juya wajen Almu da Hausa. "Ka ce an gama da shipping ɗin ko?"

"An gama, ranka ya daɗe. Na je Tilbury da kaina na yi booking, jirgin zai tashi ran sha biyu. Har na aika wa Baba wasiƙa."

Rhoda ba ta jin Hausa, amma ta ji booking, ta ji Tilbury. Tilbury tashar jiragen ruwa ce, nan take ta gane abin da ya kawo su. Ta tashi ta nufi bayan gida, suka biyo ta. Kututturen yana nan, da sawun ƙafafun uwar maƙerar a jikinsa, baƙi, mai kusurwa huɗu.

"Ai cewa ka yi a'a," ta ce. Muryarta ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta so. "A nan ka tsaya ka ce a'a! Na tambaye ka, ka ce in bar wa dangina!"

Almu ya kalli kututturen, ya kalle ta. Wannan karon cikin ido.

"Mama, ai don ina so ne na ce a'a."

"Wane irin mutum ne zai ce a'a don yana so?"

"Wace irin uwa ce za ta yi tayi sau ɗaya?" Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa sai ya sunkuyar da kai. Malam Hambali ya yi salati a hankali.

Rhoda ta tsaya tana huci. Can sai wani abu ya faɗo mata. "Miyar nan," ta ce. "Da wainar. Da kifin."

"Na kwana da yunwa, Mama. Ƙamshin har sama."

Ba ta san ko ta yi kuka ko ta jefe shi da tsintsiya ba. Ta zari kwat ɗinta ta ce su shiga mota. Filin tsofaffin ƙarafan yana bakin rafin Deptford, tsibi-tsibin gadaje da murhu da ƙafafun keke. Ta shiga tana kiran mai dokin tun daga ƙofa. Ya fito yana goge hannu, ya ce ai jiya Juma'a babbar mota ta zo ta kwashe duk ƙarfe mai nauyi zuwa wurin narkarwa. Wane wurin? Ya ɗaga kafaɗa, ya ce su da yawa ne, direban ne ya sani. Duk da haka sai da suka yi awa guda suna ɗaga ƙarafa, tsohuwa mai shekara sittin da takwas da injiniya cikin farar riga da dattijo yana riƙe da bakin babbar rigarsa. Ba su samu komai ba sai tsatsa.

Suka dawo gida. Masu motar suka sauke su suka tafi. Malam Hambali ya ce haka Allah ya ƙaddara, Rhoda ta ce ba ruwan Allah, wautar mutum biyu ce. Almu ya zauna a matakalar bene, rigarsa duk ta yi ja. Tunanin wasiƙar da ke hanya yake yi, da yadda tsohon zai sa a karanta masa ita a gaban maƙera, ya aika a gaya wa maƙwabta.

Rhoda ta shiga ɗakin girki. Suka ji ta ja aljihun tebur, cokula suka yi ƙara. Ta fito da masabar Dod, ƙotarta ta yi santsi, da ɗan lotsawa inda babban yatsansa ya ci itacen. Ta miƙa wa Almu.

"Ka kai masa wannan."

Almu ya miƙe. Ya san abin da ya faru, ya san abin da ya jawo shi, amma bakin da aka yi shekara talatin ana horarwa ba ya saki a rana ɗaya. "Haba, Mama, a'a, ita kaɗai ta rage mi..." Ya kama bakinsa da hannu.

Hannun Rhoda ya fara komawa da kansa. Ta ji muryar ubanta sarai, kamar yana bayan bango. Ta tsayar da hannun. Ta ja numfashi, fuskarta a murtuke kamar mai haɗiyar magani, ta sake miƙawa.

"Na ce ka kai masa. Karɓi."

Malam Hambali ya ɗaga yatsu uku a hankali, alamar saura tayi na uku, yana kallon silin.

"Kai, wannan ƙasa taku," in ji Rhoda. Idonta ya cika. "Karɓi, Almu. Don Allah karɓi, hannuna ya gaji."

Ya sa hannu biyu ya karɓa. Ita kuma ta juya ta shiga ta ɗora tukunya, ta sauko da kwano uku ba ta tambayi kowa ba.